Baƙon Ishaya a Tashar Lagdo

Karewa, Jimeta
Asabar da hantsi

Zuwa ga 'yata Dija,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Innarki ma tana gaishe ki daga bakin murhu, inda take yi miki dambun nama tun da safe. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a ruwa.

Takardar ƙetare iyaka ta fito. Jiya bayan sallar Juma'a aka kawo ta, da sunanki da hotonki da hatimi, na sa miki ita a aljihun ciki na jakarki. Litinin za ku tashi ta Gurin, ku kwana a Garwa, Talata ku shiga Lagdo. Wata huɗu za ku yi kuna ƙirga dorina a tafkin, da giwaye a gandayen dajin da ke bayansa, kuma ke aka ɗora wa ɓangaren ruwa. Na karanta wannan layin sau uku ina neman kuskure, kamar yadda aiki ya saba mini. Ban samu ba.

Baba Ishaya ya riga ku tafiya tun ranar Laraba. Shugabar tawagarku ta yarda shi ne zai tuƙa ku. Abin da ya rage shi ne masuntan tashar su yarda ya sake sa jirgi a ruwansu, domin sun kore shi tun kafin a haife ki, kuma ni ne sanadi. Kin san rabin labarin. Ga shi duka yadda ya faru, don akwai abin da nake so ki ɗauka a ciki kafin ki taka bakin ruwan.

Na fara zuwa Lagdo ina ƙaramin wakili, shekarata biyu da fara aiki. Editanmu ya ce mutanen Yola suna shan ruwan Binuwai, suna cin bandar Lagdo, amma ba su san tafkin da abin yake fitowa ba, in je in gano musu. Na sauka a tashar jirage da hantsi, da riga mai guga, da sabuwar hula, da kyamara a wuya. Jirage a jere har inda ido ya gaji. Mata suna juya tarwada a kan murhun banda, motocin Garwa suna lodin kwanduna, ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Faransanci a lokaci guda. Ban gai da kowa ba. Na ɗaga kyamara na fara aiki.

Ban kai hoto na biyar ba aka taɓa kafaɗata, aka ce sarkin ruwa yana kira. Tsoho ne, yana zaune a rumfar kara, shi ke da iko da duk jirgin da ke shiga da fita a tashar.

Ya ce, “Kai baƙon wa?”

Na ce, “Ni ɗan jarida ne.” Na miƙa masa katin aikina.

Ya duba gabansa, ya duba bayansa, ya mayar mini. “Na ga kati. Baƙon wa?”

Sai wani mai jirgi da ke kwance koma a gefe ya taso. Ya ji irin Hausata, ya gane ta gida ce. Shi mutumin Vinikilang ne, a ƙetaren gadar Jimeta, neman kifi ya kawo shi tafkin.

“Nawa ne, ranka ya daɗe,” ya ce. “Ɗan garinmu ne. Bai karya kumallo ba ne, shi ya sa kansa bai zauna ba.”

Aka yi dariya, aka sallame ni. Wannan shi ne Ishaya, kuma bai taɓa ganina ba sai ranar. Daga baya na fahimci abin da ya ɗauka wa kansa. A tashar, baƙo ba ya tsayawa da kansa. Dole wani mai jirgi ya ce nasa ne, kuma daga wannan lokacin duk abin da baƙon ya yi, a kan mai jirgin yake.

Don haka, Dija, in kun isa, kada ki fito da na'urar hangen nesa ko littafi sai kin zauna a rumfar nan kin yi gaisuwa har ta ƙare. Na sa miki goro da sukari a leda daban, na sarkin ruwa ne. Takardar jami'a da hatimin iyaka na jandarma ne, su za ki nuna wa. A bakin ruwa za a tambaye ki baƙuwar wa ce, kuma wanda ya ce ke tasa ce ya jingina miki wurin cin abincinsa. Ki riƙa tuna wannan kowace safiya.

Kuskurena na biyu ƙarami ne, amma ya kusa hana a haife ki. Washegari na ɓata safiya ina hira da dillalan kifi, sai bayan azahar na ce wa Ishaya mu shiga ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce a bari sai gobe da sassafe, iska tana tashi da la'asar. Na ce edita yana jirana ranar Alhamis.

“Mai Jarida,” ya ce, sunan da ya sa mini ke nan har yau, “ruwan nan bai san edita ba.”

Na nace, na ce ko tsoro yake ji. Ya kwance jirgi. Muna tsakiya iskar ta zo kamar yadda ya faɗa. Tafkin da na gani da safe kamar faranti ya zama tuddai, ruwa yana shigowa ta gefe biyu. Ya kai mu bayan wani dutse da ke tsaye cikin ruwa, ya riƙe jirgin da sanda, ni kuma na kwashe ruwa da sabuwar hulata har ƙugu ya riƙe. Mun dawo gab da magariba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Hulan ya yi amfani.”

Ku fita da sassafe, ku dawo kafin azahar. Ki sa rigar ruwa ko da matuƙa suna yi miki dariya. In mai jirgi ya ce yau ba a fita, to ba a fita, ko wa ke jiran rahotonki. Kuma kada ki taɓa kiran mutum matsoraci a kan aikin da shi ya sani ke ba ki sani ba. Zai iya yin abin da kike so don ya nuna miki, ku duka ku tafi.

Yanzu ga babban.

A kwana na uku na ji masunta suna maganar wani lungun ruwa a can ƙarshen tafkin, inda ya shiga cikin daji. Ba a zuba koma a wurin, don nan kifi ke zuba ƙwai, nan dorina ke renon 'ya'yanta, kuma da rani giwaye suna saukowa daga gandun daji su sha. Ba a kai baƙo. Ba doka ce ta hukuma ba, su suka yi wa kansu. Na matsa wa Ishaya yini guda. A ƙarshe ya ce zai kai ni bisa sharaɗi ɗaya.

“Idonka zai gani. Bironka ba zai gani ba.”

Na ce na yarda. Na ɗora hannu a ƙirji.

Ba zan faɗi sunan wurin ba ko a wannan takarda. Mun kashe inji tun daga nesa, ya tura mu da sanda cikin ciyawa, muka tsaya. Mun fi awa guda ba mu ga komai ba sai tsuntsaye da kunnuwan dorina suna fitowa suna nutsewa. Sai na ji reshe ya karye. Babbar giwar ce ta fara fitowa, ta tsaya tana ɗaga hanci tana shinshinar iska, sauran suna bayanta a tsaye ba motsi. Da ta gamsu ta sauko, suka biyo ta, da wani ƙarami da bai iya sarrafa hancinsa ba tukuna, sai ya durƙusa ya sha da baki. Na karanta littattafai da yawa a kan giwa kafin ranar da bayanta. Babu wanda ya gaya mini cewa dabba mai wannan girma tana tafiya ba a jin ƙafarta. Na ɗauki hoto uku, ɗaya da Ishaya a gaban jirgi, giwayen a bayansa. Ya bari, don ya ɗauka na ajiyewa ne.

Na dawo Yola na zauna gaban keken rubutu. A makarantar aikin jarida an koya mana cewa labarin da ba shi da suna da wuri da lokaci jita-jita ne. Duk da haka na farkon da na rubuta ba suna, ba wuri. Edita ya karanta ya turo mini shi da ɗan yatsa.

“Giwaye a wani wuri, in ji wani mutum. Tatsuniya ka kawo mini? Wa ya kai ka? Ta ina kuka bi?”

Da na ce masa na yi alkawari, da ya yi tsaki ya buga shi haka a shafin ciki. Na san halinsa, ba mugu ba ne. Ban ce ba. Shafin farko nake so. Na sake rubutawa da sunan Ishaya, da sunan lungun, da dutsen da ake bi ta hagunsa, da lokacin da giwayen ke saukowa. Labari ne mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya a ciki. Aka buga shi a shafin farko da hoton.

Dillalan banda suka kai jaridar Lagdo. Mai shayin tasha ya liƙa ta a bangon rumfarsa saboda hoton, masu karatu suka karanta wa marasa karatu, har da kwatancen hanya. Kafin damina ta faɗi wasu mutane suka zo da bindigogi. Aka samu gawarwakin giwaye a bakin lungun ba haure. Ba zan ba ki adadi ba, don na ji uku daban-daban, ban tabbatar da ko ɗaya ba. Masu tsaron daji suka rufe wannan ɓangaren tafkin gaba ɗaya, ba kamun kifi, ba wucewa, kuma nan ne rabin masuntan tashar ke ci. Sarkin ruwa ya tara mutane, ya tambayi baƙon wa ne ya yi wannan. Kowane mai jirgi yana da turken da yake ɗaure jirginsa a bakin tasha. Aka tumɓuke na Ishaya aka miƙa masa. Ma'anar ke nan: ya kwashe iyalinsa ya bar ruwan.

Har yau ba ni da hujjar cewa jaridata ce ta kai mafarautan. Suna da nasu hanyoyin, wataƙila sun daɗe da sanin wurin. Na yi shekaru ina fakewa a bayan wannan. Amma ba a kori Ishaya don an tabbatar da hanyar mafarauta ba. An kore shi don baƙonsa ya karya alkawari, kuma wannan na tabbatar da shi, don ni ne baƙon.

Aikinki ya fi nawa haɗari ta wannan fuskar. Ni kwatance na bayar da dutse da hagu. Ke za ki riƙe na'urar da ke rubuta ainihin inda dabba ta tsaya, ba ƙari ba ragi. Kafin ki miƙa wa kowa wannan, ki tambaya wa zai karanta, kuma wa zai karanta bayansa. Hoton waya yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi, kin fi ni sani, ki kashe wannan tun daga Gurin. Kada ki tura hoton giwa ko ga ƙawayenki na jami'a a Sangere sai kin dawo. In masunci ko makiyayi ya nuna miki wani abu, ki tambaye shi ko yana so sunansa ya fito, ki gaya masa inda takardar za ta je, sannan ki sake tambayarsa. In kin yi alkawari, ki faɗa wa shugabarki a ranar, da bakinki, kafin a zo rubuta rahoto. Rahoto mai giɓi ana iya cike shi baɗi.

Da labarin korar ya zo mini, na yi abin da aka koya mini: na buga gyara. Layi huɗu ne, a shafin ciki, ƙarƙashin tallar maganin ƙwari, cewa Malam Ishaya bai amince a bayyana wurin ba. Babu hoto, don haka babu dillalin da ya kai ta Lagdo. Na yanke ta na ajiye a fayil, na ɗauka na sauke nauyi. Wannan ma ki sa shi cikin lissafin kurakuraina.

Ishaya ya haura arewa, ya yi shekaru yana su a Tafkin Chadi. Sai rikicin 'yan tada ƙayar baya ya zo. Kin tuna lokacin, kina ƙaramar sakandare: motoci suna shigowa ta gada da katifu a kai, kowane gida a layinmu da baƙi, Innarki tana dafa tukunya biyu. An aike ni Vinikilang in ga mutanen da suka sauka a gidajen 'yan uwansu. A bayan wani gida, ƙarƙashin mangwaro, na ga mutum yana ɗinke koma, ba ruwan da zai zuba ta. Na gane kafaɗunsa kafin fuskarsa. Kuma kafin in yi sallama, hannuna ya riga ya zaro littafi da biro. Sabo ne, bai nemi izinina ba.

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi littafin.

“Mai Jarida. Ka yi ƙiba.” Ya ja zare ya ɗaure. “Ka zo ka rubuta inda muke kwana ne? Ka sa da kwatance, kada su sha wahala.”

Mutanen da ke wurin suka juyo suna kallona. Ba su san tsohon labari ba, amma sun san su wa yake nufi, don daga hannunsu suka gudo. Na mayar da littafin aljihu, na zauna a ƙasa kusa da shi. Na ce na zo gaisuwa. Ya ce gaisuwa ba ta da biro. Mun yi awa guda, ya yi mini magana bai fi sau biyar ba. Labarin da na kai ofis ranar bai ambaci unguwa ba, bai ambaci suna ba, kuma da aka tambaye ni dalili na faɗa. Ba wanda ya ja da ni. Abin da ya fi damuna ke nan: ashe tun farko da sauƙi haka yake.

Na roƙe shi su dawo ɗakunan bayanmu, ya ƙi. Innarki ce ta yi wannan aikin, ba ni ba. Ta riƙa ƙetare gada da ƙwaryar abinci tana zuwa wurin matarsa, Mama Rifkatu, har ranar da Mama Rifkatu ta ce masa ita dai ta tafi Karewa, in yana son mangwaro ya zauna da shi. Sauran kin sani. Kin san yadda mutumin da ya san kowane dutse a tafki biyu ya koma ɗiban yashi da jirgin wani a bakin kogin Jimeta. Kin san yammacin da kika riƙa zama a kan turmi yana koya miki yadda ake ƙirga dorina: ba sa fitowa tare, ki ƙirga, ki jira, ki sake, ki lura da kunnen da ya yage don kada ki ƙirga ɗaya sau biyu. Ni ina ɗaki ina jin ku, na ɗauka hira ce.

A nan na yi miki naki laifin. Da kika ce namun daji za ki karanta, lauya nake so ki zama. Goggonki Dudu ta taso tun daga cikin garin Yola a keke mai ƙafa uku, ta zauna a tabarma ba ta cire mayafi ba, ta kira ni da sunana na gida.

“Bobbo, 'yarka dabba za ta karanta? To ko shanu ne da mun gane. Dorina wa ya taɓa tatsa?”

Ban goyi bayanta a fili ba, amma na ajiye takardarki a aljihun tebur mako biyu ban sa hannu ba, ina cewa ina nazari. Ba nazari nake ba, jira nake ranar ta wuce. Ke ba ki yi kuka ba. Kika kawo mini littafin da kike rubuta abin da kike gani a bakin Binuwai in kin raka Baba Ishaya: rana, lokaci, tsayin ruwa, abin da kika gani da idonki a shafi ɗaya, abin da aka gaya miki a wani shafin. Na yi shekaru ina koya wa manyan mutane su raba waɗannan biyun, wasu har suka yi ritaya ba su iya ba. Na sa hannu a tsaye. In wata rana wani ya kawo miki abin da ba ki so, ki ce masa a'a ko i. Kada ki sa takardarsa a aljihun tebur.

Goggon taki yanzu tana bi gida-gida tana cewa 'yarta ce likitar giwaye ta ƙasa biyu. Na gyara mata sau biyu, ta ce in riƙe gyarana, ba jarida take bugawa ba.

Da aka zaɓe ki, kika ce ba za ki shiga tafkin da kowa ba sai Baba Ishaya, na fito miki da fayil na nuna miki layi huɗun nan, ina cewa ai na wanke shi tuntuni. Kika karanta kika ce, “Baba, a ina aka karanta na farkon? Can za ka kai wannan.” A shekarun rikici ina da uzuri, hanya ba ta biyuwa. Amma hanya ta daɗe da buɗewa. Na rufe fayil ɗin.

Ban ba ki labarin tafiyata Lagdo ta watan jiya dalla-dalla ba, kina can kina haɗa kayan aiki. Na isa ranar kasuwa. Tashar ta fi yadda na bar ta. Jirage masu inji sun yi yawa, akwai rumfunan cajin waya, mata suna juya banda a inda iyayensu suka juya. Bayan duk abin da yankin nan ya gani, ana lodin kifi ana faɗa a kan kwando kamar ba a taɓa jin ƙarar bindiga ba. Na tsaya na daɗe ina kallo, hannuna a aljihu. Sannan na nufi rumfa. Tsohon sarkin ruwa ya rasu, ɗansa ne a wurin, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Na yi gaisuwa har ta ƙare, na ajiye goro.

“Baƙon wa?”

“Baƙon Ishaya.”

Ya dube ni da kyau. “Ishaya ba shi da turke a nan.”

Na ce abin da ya kawo ni ke nan, kuma ina roƙon a bar ni in yi magana a gaban mutane, ba a rumfa ba. Ya sa aka kife wani tsohon jirgi, na hau. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Fulatanci. Na ce ni ne mai jaridar. Na ce Ishaya ya gindaya mini sharaɗi, na yarda, na ɗora hannu a ƙirji, na koma gida na karya don a sa sunana a shafin farko. Na ce bai san za a buga ba, bai karɓi komai ba, kuma hukuncin da aka yi masa nawa ne.

Wata tsohuwa mai banda ta ajiye abin juya kifi ta matso.

“Kai ne? A shekarar nan mijina ya sayar da komarsa, bai sake yin wata ba har ya mutu. Sai da ka yi furfura ka tuna hanya?”

Na ce haka ne, Inna.

“Haka ne, haka ne. Ka iya haka ne.” Ta juya ga mutane. “Amma Ishaya bai taɓa cin kifin kowa ba, wannan kam na sani.”

Wani daga baya ya ce hoton ma bai yi kyau ba, an sa Ishaya kamar ɓarawon akuya. Aka yi dariya, ita ma tsohuwar ta yi, ta koma murhunta. Sarkin ruwa ya ce an ji. Ya ce dattawan da aka yi abin a idonsu saura huɗu, zai tara su, amma ba a yanke wa mutum magana ba ya nan, Ishaya ya zo da ƙafarsa. Da zan tafi tsohuwar ta aiko mini da tarwada biyu a takarda, ta ce in kai wa Rifkatu, ba nawa ba ne.

Na dawo na gaya wa Ishaya. Ya ce, “Ka hau jirgi ka yi wa'azi? Kai?” Ya yi dariya har ya share ido. “Yarinyanka ya fi ka kai, Mai Jarida. Shi ya aike ka.” Ranar Laraba na kai shi tashar mota. Ya sa rigar da yake zuwa coci da ita, ya ɗauki tsohuwar sandarsa ta tura jirgi, direba yana ta mita a kan inda zai sa ta.

In kun isa kuka tarar dattawan sun ƙi, kada ki yi musu, kada ki ambaci tawaga ko hukuma. Ruwansu ne. Ki karɓi matuƙin da suka ba ki, ki zama baƙuwar da ba ta jawo wa kowa komai ba, wata huɗu cur. Wannan zai yi wa Baba Ishaya aiki fiye da duk abin da na faɗa a kan jirgin nan. In kuma sun yarda, to ke ce baƙuwarsa ta farko tun bayana, kuma duk tashar za ta zuba ido ta ga irin baƙin da yake kawowa.

Sauran ƙanana ne. Kada ki faɗa wa kowa ranar da za ku shiga daji ko hanyar da za ku bi, har mu. Ki kira bayan kun fito. A gandun daji mai tsaron da ke gaba shi ne shugaba, ko da bai yi rabin karatunki ba. Ƙudan tsando yana bin tufafi masu duhu, ki sa masu haske. Kada ki shiga ruwan gefe da ƙafa, akwai tsargiya. Dorina mai ɗa ba a shiga tsakaninta da zurfi. Ki kira Innarki duk Juma'a in akwai layi, in babu ki aiko da saƙo ta dillalan banda, suna zuwa Jimeta duk mako, kuma na shaida suna isar da takarda.

Ina alfahari da ke, kuma na auna kalmar kafin in rubuta ta. Allah Ya kai ki lafiya, Ya kwantar miki da iska, Ya kare ki daga mugun mutum da mugun dabba da gaggawa irin tawa. Ya sa ki ga abin da na gani a lungun nan, ki dawo da shi a cikinki. Ya tsare abokan tafiyarki da wanda zai tuƙa ku, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Innarki ta ce amin, ta ce kuma dambun na ci ne, ba na rabo ba.

Babanki.

Ƙari, bayan azahar: Yanzu na dawo daga kasuwar kifi. Wani dillali da ya baro Lagdo jiya ya ce ya ga Ishaya a bakin tasha yana liƙe ƙasan wani jirgi, ƙanen sarkin ruwa yana riƙe masa kwanon kwalta. Ya ce da idonsa ya gani. Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma wayar Ishaya ba ta shiga tun ranar Alhamis. Motar banda ta biyu za ta iso gobe da rana, zan je in tambaya.